Marayun Batsari da Safana da Kuɗin Agajin Waje

Ran 20 ga Janairu, 1 ga mulkinsa na biyu a shekarar 2025, Shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a kan umurnin dakatar da agajin da ƙasarsa take bai wa ƙasashen waje har na kwana 90. A tsakiyar shekarar aka rufe hukumar USAID ɗungurungum. Abin da ya fi girgiza a Nijeriya shi ne shirin PEPFAR, wanda Shugaba George W. Bush ya kafa a 2003 don yaƙi da cutar ƙanjamau, wanda kuma dokarsa ta keɓe kashi 10 cikin ɗari na kuɗin domin marayu da yara masu rauni. An yi ta kuka a jaridu, kuma kukan yana da dalili. Amma ya kamata a tambaya: marayun Batsari da Safana, me ya taɓa iso musu daga wannan kuɗi tun farko?

A Hausa, maraya shi ne yaron da ya rasa mahaifi, ba a kuwa tambayar abin da ya kashe mahaifin kafin a ba shi sunan. Masu ba da agaji ba haka suke lissafi ba. Kuɗinsu na cuta ne, saboda haka inda cutar ta fi yawa can yake bi. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ƙwayar cutar a Nijeriya, ya kuma sa Jihar Katsina cikin mafi ƙarancin masu ita, wajen mutum 3 cikin 1,000, alhali a Akwa Ibom abin ya haura kashi 5 cikin ɗari. Ba laifi ba ne mai magani ya nufi inda ciwo yake. Sai dai wannan ma'auni ya bar yaran bakin Dajin Rugu a gefe, domin da yawa daga cikinsu bindiga ce ta mayar da su marayu. A watan Fabrairu na 2020, a dare guda, 'yan bindiga sun kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. Irin wannan ya yi ta aukuwa shekara da shekaru daga Ruma zuwa Runka. Sulhun da aka ƙulla da 'yan bindiga a waɗannan ƙananan hukumomi a 2025, ko da ya ɗore, ba zai dawo da uba ko guda ba.

Wani zai ce, to, tun da cutar ba ta da yawa a nan, ai janye kuɗin bai shafi yankin ba. Wannan kuskure ne babba. Matar da aka kashe wa miji, aka ƙone mata rumbu, ta kwashi 'ya'ya ta shiga garin Batsari ko birnin Katsina tana kwana a kango, ita da 'yan matanta suna cikin hatsarin da ba su sani ba a ƙauye. Yunwa takan sa a karɓi abin da da ba za a karɓa ba. Ga kuma matan da aka yi garkuwa da su aka ci zarafinsu a daji, suka dawo ba wanda ya gwada jininsu, kunya kuma ta hana su faɗa. Ƙididdigar 2018 ta riga mafi munin wannan bala'i. Da Amurka ta sassauta umurnin nata, ta bar ba da magani ga masu cutar da kare jarirai daga ɗauka wurin uwa, amma maganin riga-kafi ta taƙaita shi ga masu ciki da masu shayarwa. Wato ɓangaren da yankin ya fi bukata, shi ne aka fara datsewa.

A cikin wannan hali ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun mutu saboda tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025, ta kuma ambaci raguwar agajin waje cikin dalilai.

Haƙiƙa gwamnatin tarayya ta motsa. A Fabrairu 2025 an ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya don cike giɓin. Amma a Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari tun 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, Nijeriya kuwa, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cika shi ba. Wanda ya bar wa baƙo ciyar da iyalinsa shekara 20, ba shi da bakin zargin baƙon ranar da ya ɗaure kayansa.

Al'adar riƙo ita ce ta saba ɗaukar maraya: baffa ko kawu ko goggo su haɗa shi da nasu. Yau baffan ma ɗan gudun hijira ne, gonarsa tana hannun daji. Saboda haka nauyin ya koma kan hukuma. Ya wajaba ƙananan hukumomin Batsari da Safana, tare da masu unguwanni da dagatai waɗanda suka san kowane gida, su rubuta marayun gunduma-gunduma, ba tare da duba sanadin maraicin ba. Hukumar zakka da waƙafi ta jiha ta yi rabo bisa wannan rajista, ma'aikatar lafiya kuma ta kai gwajin jini da shawara cikin sirri, a bakin mata ma'aikata, zuwa inda 'yan gudun hijira suke zaune.