Tallar tufafi: Hoton mai jiki bai wadatar ba idan babu rigar da za ta shige ta

A shekarar 2016 mujallar Sports Illustrated ta Amurka ta saka hoton Ashley Graham, mai tallan kayan ƙawa wadda ke sanya riga lamba 16, a bangon fitowarta ta musamman ta shekara-shekara. Wannan ne karon farko da mace mai jiki ta samu wannan gurbi, kuma a lokacin an yi ta yayata cewa kasuwar kayan ƙawa ta duniya ta sauya, zamanin fifita sirara ya wuce. Bayan shekara bakwai, mujallar Vogue Business ta ƙirga kayan da aka nuna a manyan bukukuwan baje kolin tufafi na Niyok da Landan da Milan da Paris. Cikin shiga 9,137 da aka nuna a taruka 219, kashi 0.6 cikin 100 ne kacal mata masu jiki suka sanya, abin da bai kai shiga 60 ba. Fiye da kashi 95 cikin 100 sirara ne suka fito da su.

Waɗannan alƙaluma sun nuna inda gizo ke saƙa. Kamfanoni sun koyi yadda ake saka mace mai ƙiba guda ɗaya a allon talla domin a yaba masu, amma ba su koyi ɗinka rigar da za ta shiga jikin mata irinta ba. Wakilcin da ya tsaya a hoto bai ƙara wa mai saye komai ba. Ma’aunin gaskiya shi ne ko matar da ta ga tallar za ta shiga kanti ta samu daidai jikinta, a farashin da ba a tsawwala mata ba.

Yana da kyau a fahimci yadda aka zo nan. A manyan gidajen ɗinki na Turai da Amurka, ana fara ɗinka samfurin kowace riga ne a ƙaramin awo guda ɗaya, tsakanin lamba 0 zuwa 4 a lissafin Amurka. Wannan samfurin ake kaiwa wurin baje koli, shi ake ba mujallu aro su ɗauki hoto, shi ne kuma ake sanya wa mai talla. Ma’ana, riga ce ke zaɓen mace, duk wadda samfurin bai shiga ba babu ita a aikin. Alhali wani bincike da aka yi a Jami’ar Jihar Washington, aka wallafa a 2016, ya gano cewa matsakaiciyar mace a Amurka tana sanya lamba 16 zuwa 18 ne. Ke nan jikin da aka fi gani a talla shi ne mafi ƙaranci a kan titi.

Wasu kamfanonin ma ba su ɓoye manufarsu ba. A 2006 shugaban Abercrombie & Fitch na wancan lokaci, Mike Jeffries, ya fito fili ya ce ba kowa suke so ya sanya kayansu ba, kuma kamfanin ya daɗe ba ya ɗinka manyan lambobi na mata. A 2018 wani babban jami’in Victoria’s Secret, Ed Razek, ya nuna cewa ba ya ganin mata masu jiki suna da gurbi a bikin baje kolin kamfanin. Maganar ta jawo masa suka, kuma a 2019 aka dakatar da bikin baki ɗaya, sai a 2024 ya dawo.

Wannan ɗabi’a ta ci rayuka. A watan Agustan 2006 Luisel Ramos, ’yar shekara 22, ta yanke jiki ta faɗi a wurin baje kolin tufafi a Montevideo, babban birnin Yurugwai, ta rasu bayan doguwar ƙauracewa abinci. A watan Nuwamban shekarar Ana Carolina Reston ’yar Brazil, mai shekara 21, ta rasu sakamakon cutar ƙin cin abinci don tsoron ƙiba. A shekarar ce masu shirya baje kolin birnin Madrid suka hana ramammun da nauyinsu ya gaza wani mizani fitowa. Isra’ila ta yi doka a 2012. Faransa ta yi tata a 2015, ta fara aiki a 2017, inda ta wajabta wa masu talla gabatar da takardar likita, ta kuma tilasta a rubuta a jikin duk hoton tallar da aka rage ko aka ƙara wa siffar jiki da kwamfuta cewa an taɓa shi, tare da tarar da ta kai Yuro 37,500 ga wanda ya saɓa. Norway ta bi sahu da makamanciyar dokar a 2022.

Ba za a ce ba a samu ci gaba ba. Tun 2004 Dove ya fara talla da mata na gida masu siffofi daban-daban. A 2019 Nike ya ajiye mutum-mutumin mace mai jiki sanye da kayan motsa jiki a babban kantinsa na Landan. A 2020 Versace ya fito da mata uku masu jiki, Precious Lee da Jill Kortleve da Alva Claire, a baje kolinsa na Milan. Sai dai a ’yan shekarun nan ana ganin ana komawa gidan jiya, musamman tun da alluran rage ƙiba irin su Ozempic da Wegovy suka yaɗu tsakanin taurari. A 2025 kaɗai hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta haramta wasu hotunan tallar Next da Marks & Spencer da Zara, bisa cewa sun nuna mata a siffar ramar da ba ta lafiya ba.

Masu kamfanoni suna da hujjarsu, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Faɗaɗa riga daga lamba 8 zuwa 22 ba ƙarin yadi ba ne kawai, domin kafaɗa da ƙirji da ƙugu ba sa ƙaruwa daidai wa daida, don haka sai an sake zana tsarin yankan, an kuma gwada shi a jikin mace mai wannan girman. Duk wannan kuɗi ne. Kamfanin Old Navy ya gwada a 2021, ya zuba kusan dukkan lambobi a kantunansa a farashi ɗaya, amma a 2022 ya ja da baya, bayan matsakaitan lambobi sun ƙare, wasu kuma sun yi kwantai. To amma abin da wannan ya nuna shi ne kuskuren lissafin yawan abin da za a ajiye a kowane kanti. Bai nuna cewa mata masu jiki sun daina sanya tufafi ba. Ɗan kasuwar da ya bar masu saye masu yawa haka a waje don gudun wahalar awo, kasuwarsa ya rage da hannunsa.

Akwai kuma masu cewa nuna masu ƙiba a talla tamkar ƙarfafa rashin lafiya ne. Gaskiya ne ƙiba babbar matsala ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta wuce kima, kuma tana da alaƙa da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. Amma babu wanda ya taɓa warkewa saboda an hana shi riga. Lokacin da aka yi ta sukar Nike kan mutum-mutumin nan, abin da masu sukar suka manta shi ne kayan motsa jiki yake tallatawa. Ba zai yiwu a ce wa mace ta fita atisaye, sannan a ƙi ɗinka mata wandon da za ta yi atisayen da shi ba. Batun nauyi na likita ne da mai jikin, aikin mai sayar da tufafi shi ne ya suturta wanda ya zo masa da kuɗinsa.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa wannan rigimar Turawa ce, tunda a nan ba a taɓa ɗaukar ƙiba a matsayin aibi ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A ƙasar Hausa idan amarya ta yi jiki cewa ake yi gidan miji ya karɓe ta, idan ta rame kuma sai dangi su fara tambayar ko lafiya. Zabarmawan Nijar suna da gasar Hangandi ta mata masu ƙiba, a Kodebuwa kuma ana gasar Awulaba, har ma a Abijan ake ƙera mutum-mutumin kanti mai cikakken jiki saboda na ƙasashen waje ba su dace da matan garin ba. Sai dai wannan ra’ayi ya fara cuɗanya da na waje tun bayan da Agbani Darego, doguwa siririya ’yar Najeriya, ta lashe gasar sarauniyar kyau ta duniya a 2001, sannan wayar hannu ta ƙarasa aikin.

Sakamakon shi ne yarinyar yau tana tsakanin wuta biyu. Talla ɗaya na ce mata ta sha shayin rage tumbi, wata na ce mata ta sha maganin ƙara ƙugu da mazaunai, kuma sau da yawa a shafi ɗaya na Instagram ko TikTok ake sayar da duka biyun. Abin da ake kira “sha ka fashe” ba baƙo ba ne a gidajen biki. Galibi irin waɗannan haɗe-haɗe suna ɗauke da magunguna irin su cyproheptadine, wanda na ƙaiƙayi da mura ne amma yana buɗe ciki, ko dexamethasone, wanda shan sa ba bisa ƙa’ida ba ke kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini, ya raunana garkuwar jiki da ƙashi. Da wadda ta ƙaurace wa abinci a Paris da wadda ta sha ƙwayar ƙiba a Sabon Gari, cuta ɗaya ce ke damunsu: an nuna masu siffa ɗaya an ce ita ce kyau. Don haka kiran a nuna jiki iri-iri ba kira ba ne na a maye gurbin sirara da masu ƙiba. Siririyar da ake yi wa gori a gidan suna ita ma tana cikin waɗanda ake nema wa haƙƙi.

Abin da ya daɗe yana kare matan yankin nan daga wannan matsala shi ne tela. Mace ta sayi turmin atamfa mai yadi shida, ta kai wa mai ɗinki, ya ɗauki awonta, ya yanka daidai ita. A wannan tsari babu jikin da ya yi kuskure, rigar ce ke bin mutum. Amma kasuwa na sauyawa. Ɗinkakkun kaya da abayoyin Dubai da dogayen rigunan Turkiyya da Sin sun cika shagunan Kantin Kwari da shafukan intanet, da yawansu a awo ɗaya da ’yan kasuwa ke kira “firi saiz”, wanda a zahiri na matsakaitan mata ne. A hoto kuma kusan kullum yarinya ɗaya ake gani, fara, doguwa, mai shafaffen ciki, sau da yawa bayan an gyara hoton. Uwa mai ’ya’ya biyar da ta tura kuɗin kayan Sallah, kaya suka iso suka ƙi shiga, ita ke kwana da asara, domin da yawan masu sayarwa ba sa karɓar kaya bayan an saya. Sai ta koma tana zargin jikinta maimakon ta zargi tallar.

A kudancin ƙasar an fara ɗaukar mataki. A 2016 ’yar jarida Latasha Ngwube ta jagoranci fito da mata masu jiki a bikin baje kolin tufafi na Legas. Masu ɗinki da masu sayar da kaya na Arewa, waɗanda suka gaji al’adar awo, sun fi kowa cancantar su riƙe wannan tuta, kuma abin da ake buƙata ba mai tsada ba ne. Mai sayarwa ta nuna riga ɗaya a jikin mata biyu ko uku masu girma daban-daban. Ta rubuta faɗin ƙirji da ƙugu da tsawon riga da inci, ta daina fakewa da “firi saiz”. Idan babban awo na cin ƙarin yadi, ta faɗi ƙarin kuɗin tun farko, kuma ya zama daidai da yadin da aka ƙara. Idan an gyara hoto har siffar jiki ta sauya, a bayyana.

Hukumomi ma suna da rawar takawa. Hukumar kula da tallace-tallace ta Najeriya, ARCON, ta hana amfani da ’yan ƙasashen waje a tallace-tallacen cikin gida daga 1 ga Oktoban 2022. Hukumar da ta iya wannan za ta iya wajabta sanya alama a kan hotunan da aka sauya wa siffa, kamar yadda Faransa da Norway suka yi. Ita kuwa NAFDAC, ya kamata ta bi sawun masu tallar magungunan ƙiba da na rama a kafafen sada zumunta, domin a can kasuwar take ci yanzu. Masu shirya finafinan Kannywood su ma su duba yadda ake yawan ware masu ƙiba a ba su rawar barkwanci.

Su kuma masu saye, ƙarfinsu yana aljihunsu. Duk shagon da ya yi ado da hoton mai jiki amma babu lambarta a kan kanta, a tambaye shi dalili, idan babu amsa a kai kuɗin inda aka ɗinka da ita a rai. Kamfanonin Turai da Amurka sun shafe shekaru suna amsa wannan tambaya da hoto ɗaya a bangon mujalla, kuma alƙaluman 2023 sun nuna iyakar abin da hakan ya haifar. Bai kamata kasuwar da ta taso da tef ɗin awo a wuyan tela ta kwaikwayi wannan kuskure ba.