A Juya Faranti Kafin A Sayar

A gidajen Keffi da dama, idan tsohuwa ta rasu aka zo rabon gado, akan tarar da farantan tangaram da kofunan shayi a can ƙuryar kabad, ragowar jeren aurenta. Magada kan tattara su su miƙa wa dillali a kan kuɗi ƙalilan. Alhali kuwa a cikinsu akan sami ƙirar Ingila, irin wadda kantunan Turawa kamar John Holt da UAC suka riƙa shigowa da ita zamanin mulkin mallaka. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

To, shaidar tangaram a gindinsa take. Wanda ya juya faranti zai ga tambarin maƙerinsa. Mafi yawansu daga Stoke-on-Trent suke, cibiyar wannan sana'a a Ingila. Can ne Josiah Wedgwood ya kafa masana'antarsa a 1759, Johnson Brothers kuma a 1883. Tambarin zaki bisa kambi na Royal Doulton ne, ya fara fitowa a 1902, watau shekarar da Turawa suka ci Keffi.

Tambari kan nuna shekaru kuma. Alama mai kusurwa huɗu da haruffan "Rd" a tsakiya ta rajistar zane ce, an yi amfani da ita daga 1842 zuwa 1883. Daga 1884 sai aka koma rubuta "Rd No" da lamba. Kalmar "England" ta yawaita ne daga 1891, bayan Amurka ta yi dokar cewa duk hajar da za ta shiga ƙasarta sai ta nuna inda aka yi ta. "Made in England" kuwa galibi na ƙarni na 20 ne.

Amma fa a yi hattara, domin akwai jabu. Sunan Wedgwood na ainihi ba shi da harafin "e" bayan "g". Tangaram mai kyau, wanda aka haɗa yumɓunsa da tokar ƙashin shanu, idan aka ɗaga shi ga rana akan ga inuwar yatsu ta bayansa. Tsagewa ko ɓantarewa kuma tana karya daraja ƙwarai.

Ba kowane tsohon faranti ne dukiya ba. Sai dai gado haƙƙi ne, wani lokaci har da na marayu a ciki. Saboda haka ya kamata masu rabo su karanta tambari, su nemi masani ya kimanta, kafin dillali ya yanka kuɗi.