Jakar Littattafanka Ta Isa

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, da yawa daga cikinmu sun mallaki ƙaramar kyamara, amma tana can kwance a akwati, wai sai ranar da aka sayi jakarta ta musamman. Wannan jinkiri ba shi da dalili. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Jakar da kake ratayawa zuwa lacca ko ofis ta wadatar. Shimfiɗa soso ko tsohon tawul a gindinta. Raba cikinta da kwali, don kada makulli ko tsabar kuɗi su karce gilashin kyamarar. Da hunturu ka naɗe ta cikin ƙyalle saboda ƙura, da damina kuwa ka sa ta a leda. Banda wannan ma, tsohuwar jaka ba ta jan idon ɓarawo a cunkoson kasuwa.

To, mene ne abin gaggawa? Otal ɗin Durbar, wanda aka gina domin bikin FESTAC na 1977, an rushe shi a 2020. Duk wanda bai ɗauki hotonsa ba, ya makara. Zauren Lugard da Gidan Arewa suna nan tsaye, amma unguwanni irin su Kawo da Unguwar Rimi kullum sake kama suke yi. Saboda haka rataya jakarka, ka ajiye wa na baya Kadunar da ka sani.