Kafin mu haɗiyi maganin ciwon jiki, mu fara shan ruwa

Jama'a, duk mun san zafin Abuja a watannin Maris da Afrilu. Masu dako a kasuwar Wuse, leburorin gini da 'yan ga-ruwa kan yini a rana suna zubar da gumi, da yamma kuma a nufi kemis a sayi diclofenac ko ibuprofen. A nan haɗarin yake.

Ƙoda ce ke tace magunguna da yawa, ta fitar da su ta fitsari. In ruwa ya yi ƙaranci a jiki, jinin da ke isa ƙoda sai ya ragu, maganin ya daɗe bai fita ba. Gwaje-gwajen masana sun nuna allurar gentamicin ta fi yi wa ƙodar ɓeran da ruwan jikinsa ya ragu illa. Diclofenac da ibuprofen kuwa ƙara rage wannan jinin suke yi.

Saboda haka mu sha ruwa sosai kafin magani, musamman masu azumi bayan buɗe-baki. In fitsari ya ragu ko ya yi duhu, mu garzaya asibiti. Muna kuma roƙon cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu ta riƙa wayar da kan jama'a da Hausa.

Allah Ya ƙara mana lafiya.