Kazar da gashinta ke zuba: a duba akurki kafin a ɗauko piya-piya

Yau maganar kaji za mu yi, kuma mun san akwai masu cewa ina ruwan shafin labarai da kaza alhali ga tsadar hatsi ga rikicin burtali. To amma a tambayi kowace mace a Kornaka ko Sabon Mashi abin da ta fara saidawa ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi. Ba saniya ba ce, ba akuya ba ce. Kaza ce ko zabo. Ita ce kuɗin magani, ita ce littafin lakkol, ita ce cefanen ranar da baƙo ya sauka ba zato.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne yawan kajin da ake gani a tsakar gidaje da kasuwanni baya a fige, wuya ja wur, fata duk ƙuraje. Mai saye na ganin haka ya karya kuɗi, ko ya wuce abinsa. Mai kaza kuwa, da ta koma gida, abin da ke hannu shi take shafa mata: piya-piya, kananzir, baƙin man mota, ko ragowar maganin feshin wake. Ra'ayinmu a nan ba mai kwana-kwana ba ne: wannan shafe-shafen ya fi cutar kanta illa, kuma sau da yawa ba a jikin kazar matsalar take ba, tana cikin ɗakin da take kwana.

Piya-piya guba ce mai suna dikolorbos, an yi ta don kashe ƙwari. Fatar da ta riga ta tsage tana shanye ta kai tsaye. Kazar da ba ta mutu ba, ita ce gobe za ta yi ƙwan da za a soya wa yaro. Wanda ke ganin muna zuzutawa ya tuna abin da ya faru a Turai a 2017, lokacin da aka gano cewa an fesa wani maganin ƙwari mai suna fifronil a gidajen kaji na Holan da Beljiyam don kashe ƙumar kaji. Miliyoyin ƙwai aka janye daga kasuwa. Su suna da masu awon ƙwai. Mu nan wa zai auna mana?

Kuma zubar gashi ba iri ɗaya ba ce, shi ya sa magani ɗaya ba ya yi wa duka. Akwai wadda ba cuta ba ce sam: kaza takan sauya gashi lokaci zuwa lokaci, ta rage ƙwai, sabon gashi ya tsiro kamar tsinke, fata kuwa lafiya lau. Akwai irin kajin da haka Allah ya halicce su, wuya ba gashi, har ma sun fi jure zafi. Akwai wadda zakara ne ya fige mata baya da ƙeya don yawan hawa. Maganinta a rage zakaru ko a raba su na 'yan makonni. Akwai kuma wadda 'yan uwanta ke tsattsaga, musamman da rani in ƙasa ta bushe, babu ƙwari babu ɗanyen haki, sai dusa tsura. Gashi kusan dukansa sinadarin gina jiki ne, kazar da ba ta samu a abinci ba sai ta neme shi a jikin maƙwabciyarta. Gara, garin ƙuli-ƙuli kaɗan, ɓarzajjen wake da aka soya, ragowar busasshen kifi, duk suna gyara wannan.

Amma babbar damuwar ita ce masu shan jini, kuma a nan ake yawan kuskure. Ƙwarƙwatar kaji a jiki take zama, in ka buɗe gashi wajen gindin wutsiya za ka gan ta tana gudu, ga ƙwanta fari a manne a tushen gashi. Ƙumar nan mai liƙewa baƙi-baƙi a gefen ido da zanko, ita ma ana ganinta da rana. Sauran biyun kuwa, wato ƙananan jajayen ƙwarin nan da kaskar kaji, ɓarayin dare ne. Da rana suna ɓoye cikin tsagar bangon akurki, da ƙarƙashin ɓawon itacen da kaji ke hawa, da tsohuwar ciyawar wurin kwanci. Dare na yi su fito su sha jini su koma. Ka kama kazar da hantsi ka duba, ba ka ga komai ba, sai ka ce maye ne ko sanyi. Ka shiga da tocila bayan isha'i ka ga ikon Allah. Kaskar nan tana iya yin fiye da shekara ba ta sha jini ba tana jira, kuma tana ɗauke da cutar da ke sa kaza zazzaɓi da koren zawo da shanyewar ƙafa. In kaza ta gudu ta bar ƙwanta kafin kwana 21 su cika, ko kaji suka ƙi shiga akurki da magariba, kada a zarge su da taurin kai, a duba bango.

Don haka aikin daga ɗaki ake fara shi. A kwashe shara da tsohuwar ciyawa a ƙone nesa da gida. Akurkin laka ana iya babbaka cikinsa da ɗan kara, in babu zana ko rumbu kusa kuma iska ba ta kaɗawa, sannan a yaɓe kowace tsaga. A ware wa kaji wuri a inuwa da busasshiyar toka haɗe da rairayi su yi birgima. Busasshiya muka ce, don jiƙaƙƙiyar toka ƙuna take yi. A maimaita sharar bayan mako guda, saboda ƙwan da bai mutu ba zai ƙyanƙyashe. Kazar da aka sayo daga kasuwa kuwa ta yi mako biyu ita kaɗai kafin ta shiga cikin na gida.

Sai jikin kazar. Ciwo a wanke shi da ruwan da aka tafasa ya huce, da gishiri ƙaramin cokali biyu a lita guda. A shafa aidin a kan rauni, man kaɗe ko basilin a kan fatar da ta bushe. Basilin ɗin nan yana toshe numfashin ƙumar da ta liƙe a fuska, a dai kiyaye ido. Mai ciwo a ware ta, don kaji in sun ga ja ba sa bari. Ƙuraje masu ɓawo a zanko da fuska, waɗanda suka fi yawa lokacin sauro, wata cuta ce daban mai allurar rigakafi, kada a ɓanɓare su da ƙarfi. In kuwa kaji suka fara mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan ya wuce maganar man shafawa, a sanar da ma'aikatar kiwo nan take. Mutanen Magarya ba su manta da murar tsuntsaye ta 2006 ba.

Sauran maganarmu ga masu kula da lafiyar bisashe take. A nan Dakoro ne, tun 2003, ƙungiyar likitocin dabbobi ta Beljiyam da ƙungiyar Karkara suka fara gwada tsarin likitan dabbobi mai zaman kansa tare da mataimakansa na ƙauyuka, tsarin da daga baya ya bazu a wasu sassan Nijar. Abin alfahari ne. To tunda hanyar tana nan, muna roƙon duk lokacin da mataimakan nan da mata masu rigakafin kaji suka fito zagaye, su riƙa leƙa akurki su ma, su zo da hodar ƙwari da aka yi don kaji a ƙananan ƙulli daidai aljihun mai kaza biyar, su kuma faɗa mata ƙarara kwana nawa za ta jira kafin a ci ƙwai ko a yanka. Muddin kwalbar piya-piya ce kaɗai ake samu a teburin bakin kasuwa, ita za a ci gaba da saye. Gidajen rediyonmu su ma su ware wa zancen ko da minti goma kafin zafin bazara ya kankama, lokacin da ƙwarin nan suka fi hayayyafa.