Cire Hoton Shugaba Daga Fosta Ba Zai Kawo Ƙuri'a Ba



Duk wanda ya bi titin Kwangila zuwa Samaru a kakar zaɓe, ko ya ratsa kasuwar Sabon Gari ya ɓulla Jushi, ya san abin da zan faɗa. Da zarar jama'a sun juya wa jagoran jam'iyya baya, sai hotonsa ya fara ƙanƙancewa a fosta. Yau yana can kusurwa, gobe an cire shi gaba ɗaya, har tambarin jam'iyyar ma sai ka matso kusa kafin ka gane shi. Wannan aikin masu tsara kamfe ne, kuma da su nake magana yau.

Masu tsara kamfe, ku ji tsoron Allah, ku daina raina hankalin mutanen Zazzau. Kun ɗauka idan kun ɓoye hoto kun ɓoye laifi. To, mai kabu-kabun da ya kwana a layin mai ya san jam'iyyar da ke mulki. Matar da ta rage awon masara ta san ta. Ba a fosta suka gano ta ba, a tukunya suka gano ta.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, kuna da tarihin da zai koya muku, amma ba ku dubawa. A 1979 tsohuwar jihar Kaduna ta ba Balarabe Musa na PRP kujerar gwamna, ta kuma ba NPN rinjaye a majalisa. A ranar 25 ga Fabrairun 2023, lokacin da takardun kuɗi suka yi ƙaranci har mutane na kwana a ƙofar banki, APC ta rasa kujerun sanata uku na jihar nan, ta kuma faɗi zaɓen shugaban ƙasa a jihar. Amma a wannan ranar dai, mazaɓar Zariya ta mayar da ɗan majalisar wakilanta na APC, Sabon Gari kuwa ta zaɓi PDP. Maƙwabta ne fa, garinsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya. Mako uku bayan haka, ranar 18 ga Maris, APC ta ci gwamna da ratar ƙuri'u dubu goma da 'yan kai. Mai zaɓe a jihar nan ya iya tankaɗe da rairaya. Zamanin sak ya wuce, kowane ɗan takara da halinsa ake auna shi.

Saboda haka dabarar jam'iyyar da jagoranta ya yi baƙin jini a fili take. Ta tsayar da wanda unguwarsa ta shaida shi, wanda ya san hanyar Hanwa da Muciya da Bomo tun kafin a kaɗa gangar siyasa. Shi kuma ya fito ya ce: jama'a, an ƙuntata muku, jam'iyyata tana da hannu, ga abin da ni zan iya, ga wanda ya fi ƙarfina. Amma masu tsara kamfe ba sa son wannan. Sun fi son taliya da atamfa da sabulu, da hayar sojojin baka a rediyo, domin a nan ne rabonsu yake.

Kuma tunda na ambaci abin da ɗan takara zai iya, bari in tsaya a kan ruwa. Shekara nawa ana yi wa Zariya alƙawarin ruwan famfo? Ga kogin Galma, ga madatsar Shika, amma magidanci a Jushi yana lissafin kuɗin 'yan ga-ruwa kafin na cefane. Yarinya ta makara makaranta saboda layin rijiyar burtsatse. Duk ɗan takarar da ya zo mana, ko jagoransa farin jini gare shi ko baƙi, tambayar farko ruwa ce.

Ku kuma 'yan takara, ku ajiye shawarar masu tsara kamfe. Ku bar hoton a inda yake, ku shigo Jushi da ƙafarku, ku zauna a tabarma, ku amsa mana tambayar ruwa.