Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, yau ƙara na kawo, kuma mu ɗin nan nake ƙara.

Da hutun damina na je Kwandiko, can wajen Birnin Kudu da Gwaram. Goggona ta aike ni bayan gari in tsinko mata tafasa za ta yi kwaɗo. Na ciko ƙwarya na kawo, ta duba, ta watsar da rabi. Ta ce, "Ɗan nan, ai wannan rai ɗore ne. Tafasa ganye shida take jerawa, biyu-biyu, marasa tsini. Rai ɗore kuwa ganyensa tsini gare shi, ga wari. 'Ya'yansa in akuya ta ci da yawa, sai ta Allah."

Kunya ta rufe ni. Da na dawo na duba littattafai, sai na iske masana sun sa su biyun a gida ɗaya mai suna Senna, kuma siffar ganyen da Goggo ta faɗa tana cikin abin da suke rarrabe su da shi. Wa ya ce Hausa ba ta ɗaukar kimiyya?

Ku dubi itatuwan ƙaya. An daɗe ana haɗa bagaruwa da ɗakwara da gawo ƙarƙashin suna ɗaya, Acacia. Daga baya aka ware gawo aka ce Faidherbia. A 2011 taron masana a Melbon ta Ostireliya ya tabbatar wa itatuwan can sunan Acacia, aka bar bagaruwa da Vachellia, ɗakwara da Senegalia. Majemi bai jira wannan taro ba kafin ya san bagaruwa ce ta jima. Manomi ma tuni ya san ɗakwara ke ba da ƙaro, gawo kuma da damina yake kaɗe ganye.

Ban ce a yar da sunayen Latin ba, don sunan tsiro kan sauya daga gari zuwa gari. Amma tun 1916 likita Dalziel ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa. Baƙo ke nan! Mu 'yan gida me muka ƙara? Komai muka gani sai mu ce "ciyawa".

To, hutu mai zuwa kowa ya tsinko ganye da fure, ya danne a takarda, ya rubuta suna da gari da amfani daga bakin tsofaffi, tun suna raye. Allah ya ba mu iko, amin.